Almakashi Ko Takobi? Labarin Gidan Sarki Kulobis

Kowa ya san sunan ƙasar Faransa, amma ba kowa ya san inda sunan ya samo asali ba. Ya fito ne daga wata kabila da ake kira Faranka, waɗanda suka zauna a bakin kogin Rayin, wajen ƙasashen Jamus da Beljiyam na yau. Mayaƙa ne masu gatari da mashi, suna bauta wa gumakan kakanninsu. Sarkin da ya tattara su a ƙarƙashin tuta ɗaya, ya kuma karɓi baftisma, sunansa Kulobis. A wannan wata muna so mu shiga gidansa, mu ga matarsa, da 'ya'yansa, da jikokinsa. Muna faɗa muku tun yanzu, akwai wurin da labarin zai yi nauyi. Ya kamata iyaye su fara karantawa kafin su karanta wa ƙananan yara.

Yawancin abin da aka sani game da gidan nan ya zo ne daga alƙalamin Giregori, wanda ya zama bishof na birnin Tur a shekara ta 573. A birnin nan ne matar Kulobis ta yi tsufanta, kuma ba a kai shekara 30 da rasuwarta ba sa'ad da Giregori ya kama aiki a wurin. Shi mutum ne mai son gidan sarautar nan, duk da haka bai ɓoye abin kunyarsu ba.

An haifi Kulobis wajen shekara ta 466. Ubansa Shilderik yana sarautar wani yanki na Faranka a garin Turne. A shekara ta 1653 masu haƙa suka tono kabarin Shilderik, suka sami zoben hatiminsa da sunansa a jiki, da makamai, da ƙananan siffofin ƙudan zuma na zinariya wajen 300. Daga baya kuma aka gano ramummuka kusa da kabarin, cike da ƙasusuwan dawakai. Binnewar mai bautar gumaka ke nan. A cikin irin wannan gida Kulobis ya tashi, ya kuwa gaji ubansa yana ɗan shekara 15.

A lokacin nan mulkin Roma ya riga ya rushe a yammacin Turai, gama a shekara ta 476 aka tuɓe sarkinta na ƙarshe. Giwa ta faɗi, kowa ya zo da wuƙarsa. Kulobis ya fara yankan nasa a shekara ta 486, sa'ad da ya ci wani shugaban Romawa da yaƙi a birnin Suwason. Akwai wani abin da ya faru bayan yaƙin nan wanda ya nuna halin mutumin. Mayaƙansa sun washe wata majami'a, bishof kuwa ya aika yana roƙo a mayar masa da wani babban tulu mai daraja. Al'adar Faranka ita ce a raba ganima da ƙuri'a, sarki ma ba ya ɗaukar abin da ƙuri'a ba ta ba shi ba. Kulobis ya roƙi jama'a su bar masa tulun a kan rabonsa. Kowa ya yarda, sai soja ɗaya ya ɗaga gatari ya sari tulun. Sarki ya haɗiye fushinsa, bai ce uffan ba. Bayan shekara guda, ranar duba makamai, ya zo kan sojan nan, ya ce makamansa ba su da tsabta, ya fizge gatarinsa ya yar a ƙasa. Mutumin ya sunkuya zai ɗauka ke nan, sarki ya tsaga kansa da nasa gatarin, yana tuna masa da tulun Suwason. Ku riƙe wannan sunkuyawa a zuciya, za mu sāke gamuwa da ita.

Amarya daga Burgundi

Wajen shekara ta 493 Kulobis ya auri Kulotilda, 'yar gidan sarautar Burgundi. Marainiya ce, tana hannun baffanta Sarki Gundobad. Giregori ya ce baffan nan ne ya kashe mahaifinta da takobi, ya sa aka ɗaura wa mahaifiyarta dutse a wuya aka jefa ta a ruwa. Waɗansu masanan tarihi na zamanin nan suna shakkar wannan, amma haka aka riƙa ba da labarin a gidan sarautar Faranka. Kulotilda Kirista ce. Mijin kuwa yana nan kan gumakansa, har yana da ɗa namiji, Tiyeri, daga wata mace dabam.

Tun da ta tare ba ta fasa yi masa maganar Almasihu ba, shi kuma bai fasa ƙi ba. Da ta haifi ɗanta na fari, Ingomer, ta nemi a yi masa baftisma. Ta sa aka ƙawata majami'a da labule masu kyau, ko wannan zai taɓa zuciyar maigida. Aka yi wa yaron baftisma, aka sa masa fararen tufafi yadda ake yi a zamanin. Bai ko tuɓe fararen tufafin nan ba ya rasu.

To, ku dubi matsayin matar nan. Baƙuwa ce a gidan, ba uwa ba uba, ga gawar ɗanta na fari, ga miji ya zo a fusace. Ya gaya mata cewa da an miƙa yaron ga gumakansa da yana da rai, baftismarta ce ta kashe shi. Mun sani cikin masu karanta mujallar nan akwai matan da suka taɓa jin irin wannan magana, ko daga bakin miji, ko daga bakin suruka, a ranar da zuciya ba ta iya ɗaukar ko da kalma mai laushi. Amsar da Kulotilda ta bayar ita ce, tana gode wa Allah da ya ga ta isa ya karɓi abin da ta haifa zuwa mulkinsa. Ba ta yi gardama a kan wane allah ya fi ƙarfi ba.

Ta sāke haihuwar namiji, Kulodomir. Sai ta sāke neman baftisma. Mu dai wannan ya fi ba mu mamaki a duk labarinta, domin mutum yakan yi ƙarfin hali sau ɗaya cikin rashin sani, amma na biyu ya san abin da zai iya biyowa. Abin lura kuma, sarkin nan da ya tsaga kan soja saboda tulu bai hana ta ba. Aka yi baftisma, sai yaro ya kwanta ciwo. Uban ya ce ai dama, wannan ma hanyar wansa zai bi. Uwar ta duƙufa da addu'a, yaron ya warke. Duk da haka Kulobis bai tuba ba.

Abin da ya juyo da shi yaƙi ne. Ya kara da wata kabila mai suna Alamani, aka fara karkashe mutanensa, ya ga ƙarshe ya zo. Ya kira gumakansa, shiru. Sai ya ɗaga ido sama ya kira Yesu Almasihu wanda matarsa take faɗa, ya yi wa'adi cewa in ya ba shi nasara zai gaskata, a yi masa baftisma. Sarkin Alamani ya faɗi, mutanensa suka miƙa wuya. Wani zai ce wannan ai addu'ar ciniki ce. Haka take. Amma Yakubu ma wa'adi mai sharaɗi ya yi a Betel, Allah kuwa bai yar da shi ba. Tambaya ita ce abin da mutum ya zama bayan cinikin.

Kulotilda ta aika a asirce aka kira Remi, bishof na birnin Rims, ya zo ya koya wa sarki. Damuwar Kulobis ɗaya ce, kada mayaƙansa su guje shi in ya rabu da gumakan kakanni. Da ya tara su, suka yarda su bi shi. Ranar Kirsimati aka yi baftisma a Rims. An rataye yadudduka masu launi a tituna, majami'a ta cika da hasken kyandir da ƙanshin turare. Remi ya umarce shi ya sunkuyar da kai, ya juya wa abin da yake yi wa sujada dā baya. Mayaƙa fiye da 3,000 suka bi shi cikin ruwa a ranar, da 'yar'uwarsa Albofiled, wadda ba ta daɗe ba ta rasu. Bisa ga lissafin Giregori shekara ta 496 ce, amma masana da dama suna sa ta a 508.

Ba ƙaramin abu ba ne ya faru ran nan. Sauran manyan sarakunan da suka raba ƙasar Roma, kamar na Bisigot da na Burgundi, suna bin koyarwar Ariyus, wadda ta ce Ɗan bai kai Uban ba, halitta ne. Ikkilisiya ta riga ta ƙi wannan koyarwa a taron Nikiya a shekara ta 325. Kulobis ya karɓi bangaskiyar matarsa, wadda ita ce ta yawancin talakawan ƙasar da bishof-bishof ɗinsu, saboda haka suka rungume shi. A shekara ta 507 ya ci Bisigot da yaƙi, ya kashe sarkinsu Alarik, daga baya ya mai da Paris babban birninsa. Saboda baftismar nan aka riƙa naɗa sarakunan Faransa a Rims har zuwa 1825. Sunansa kuma shi ne ya rikiɗa ya zama Luwi, wanda sarakunan Faransa 18 suka amsa.

Gatarin fa?

Da a ce a nan labarin ya ƙare, da mun rufe shi da Halleluya. Amma akwai sauran ƙananan sarakunan Faranka, yawancinsu danginsa ne, Kulobis kuwa ba ya son abokin tarayya.

A birnin Kolon akwai Sarki Sigiber, wanda ya gurgunce a gwiwa wajen yaƙi da Alamani. Kulobis ya aika wa ɗan Sigiber a ɓoye cewa ubansa ya tsufa, ga shi gurgu, in ya mutu sarauta tasa ce, da abutar Kulobis a kai. Yaron ya gane karatun. Ya sa aka kashe ubansa yana barcin rana a cikin tanti, sa'an nan ya aika wa Kulobis ya turo mutane su ɗebi abin da yake so daga dukiyar. Manzannin suka zo, suka ce ya zura hannu har ƙasan akwatin zinariya su ga zurfinsa. Yana sunkuyawa, gatari ya sauka. Kulobis ya iso Kolon ya ce shi ba ruwansa, ba zai taɓa zub da jinin dangi ba, ya kuwa shawarci mutanen su zo ƙarƙashinsa. Suka ɗaga shi a kan garkuwa, ya zama sarkinsu. Wani sarkin kuma, Ragnakar na Kambure, sai Kulobis ya sayi fadawansa da mundaye. Da suka kawo masa maigidansu a ɗaure, ya kashe shi da ƙanensa da hannunsa. Daga baya fadawan suka gane mundayen tagulla ne aka shafa wa ruwan zinariya. Da suka yi ƙara, ya ce irin kuɗin da ya dace da mai cin amanar ubangidansa ke nan.

Wata rana a gaban taro ya yi ta kukan cewa ya zama kamar baƙo, ba shi da sauran dangin da zai taimake shi ran wahala. Giregori da kansa ya ce ba baƙin ciki ba ne, dabara ce, ko wani ɗan'uwa da ya ɓuya zai fito a gama da shi. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, a tsakiyar labarun nan bishof ɗin ya rubuta cewa Allah yana ba Kulobis nasara domin yana tafiya da zuciya mai gaskiya. A nan mun rabu da Bishof Giregori. Faɗin ƙasa ba shaidar yardar Allah ba ne. Da Natan ya auna Dauda da wannan ma'auni, da bai je fada ba bayan mutuwar Uriya.

Kada mu ƙware shi, ya yi abubuwan kirki. Shi da matarsa suka gina Majami'ar Manzanni a Paris. A zamaninsa aka rubuta dokokin Faranka, inda aka yanka diyyar kowane laifi domin a rage ɗaukar fansa. A shekara ta 511 ya kira taron bishof 32 a Orleyan, inda aka ƙarfafa dokar cewa wanda ya gudu ya fake a majami'a ba za a fizge shi da ƙarfi ba. A watan Nuwamba na shekarar nan ya rasu, yana da shekara 45, bayan ya yi 30 a kan gado. Aka binne shi a majami'ar da ya gina.

'Ya'yansa maza huɗu suka raba ƙasar kamar yadda ake raba gonar gado. Tiyeri ya zauna a Rims, Kulodomir a Orleyan, Shildeber a Paris, auta Kuloter a Suwason. 'Yar'uwarsu, mai sunan uwarta, aka aurar da ita ga sarkin Bisigot mai bin Ariyus, wanda ya riƙa dukanta saboda bangaskiyarta har ta aika wa Shildeber da ƙyalle jiƙe da jininta. Ya je ya ƙwato ta da yaƙi a shekara ta 531, amma ta rasu a hanyar gida.

Yanzu sai mu faɗi abin da ba mu so mu faɗa ba game da Kulotilda. Matar nan da ta miƙa wa Allah gawar ɗanta na fari da godiya, akwai abu ɗaya da ta riƙe shekara 30 ba ta miƙa ba. Giregori ya ce ta tara 'ya'yanta ta roƙe su kada su sa ta yi da-na-sanin renonsu, su rama mata jinin iyayenta. Gundobad kuwa ya riga ya mutu tun 516. Ɗansa Sigismun ne yake sarauta, shi ma ya rabu da koyarwar Ariyus, bangaskiyarsu ɗaya da ita. A shekara ta 523 'ya'yanta uku suka faɗa wa Burgundi. Kulodomir ya kama Sigismun da matarsa da 'ya'yansa. Wani shugaban 'yan zuhudu ya gargaɗe shi cewa in ya kashe su, abin da ya yi musu shi zai sami nasa gidan. Bai ji ba. Ya kashe su duka, ya sa aka jefa su cikin rijiya. A shekara ta 524 ya koma yaƙi Burgundi, aka sare kansa a fagen fama. Wannan shi ne jaririn da uwa ta yi wa addu'a ya tashi.

Kulodomir ya bar 'ya'ya maza uku ƙanana. Kuloter ya aure uwarsu, kakarsu Kulotilda ta ɗauki yaran, ta shaƙu da su ƙwarai. Shildeber ya ga haka, ya ji tsoro kada tsohuwa ta ɗora su a gadon ubansu, ƙasar Orleyan ta kuɓuce. Ya kira ƙanensa zuwa Paris suka ƙulla shawara. Suka aika wa uwarsu ta turo yaran za a naɗa su. Ta yi murna, ta ba su abinci suka ci, ta sallame su tana cewa in ta gan su a kan gadon ubansu za ta ji kamar ba ta yi rashin ɗa ba.

Sai mu yi bayanin wani abu a nan. A gidan sarautar Faranka ba a aske 'ya'yan sarki. Dogon gashi shi ne alamar sarauta, kamar rawani da sanda. Wanda aka aske ya fita daga layin gado, sai dai a kai shi gidan zuhudu.

Da yaran suka iso aka raba su da masu renonsu. Sa'an nan aka aiki wani bafade mai suna Arkadiyus wurin Kulotilda, da almakashi a hannu ɗaya, da zararren takobi a ɗaya. Ya ce 'ya'yanta suna jiran zaɓinta, a aske yaran su rayu, ko a kashe su. Tsohuwa ta gigice. Cikin zafin rai, ba ta san abin da take faɗa ba, ta ce in dai ba za a naɗa su ba, gara ta gan su matattu da ta gan su a aske. Bafaden bai jira ta dawo cikin hankalinta ba. Ya ruga ya ce sarauniya ta yarda.

Kuloter ya kama babban, ɗan shekara 10, ya fyaɗa shi ƙasa ya soke shi da wuƙa a hammata. Ƙanen, ɗan shekara 7, da ya ji ihun wansa, ya rungume gwiwoyin Shildeber yana roƙon baffansa ya cece shi. Shildeber, wanda shi ne ya kawo shawarar tun farko, ya fashe da kuka, ya roƙi ƙanensa ya bar yaron, zai ba shi duk abin da ya ce. Kuloter ya ce ya ture shi, in ba haka ba ya mutu a madadinsa. Shildeber ya ture yaron.

Mun daɗe muna juya maganar nan ta Kulotilda. Ba ita ta riƙe wuƙa ba, 'ya'yanta kuma sun shirya tarkon ne domin su sami bakin da za su rataya wa laifi. Amma abin da ke can ƙasan zuciya shi yake fitowa ran firgita. Rayuwar bautar Allah a gidan zuhudu, wadda ita da kanta take girmamawa, a ran nan ta ga ta yi wa jikokinta kaɗan. Su kuma 'ya'yan, an yi musu baftisma tun suna jarirai, sun girma suna jin zabura. Sun kuma girma suna ganin yadda ubansu yake yi da dangin da ya tsaya tsakaninsa da ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu ma da muke karantawa, ba sai da gadon sarauta ake yin irin wannan ba. Gona ɗaya, ko gida mai ɗaki huɗu, ya isa a ga baffan da ke zama a kujerar gaba ran Lahadi ya manta marayun wansa suna da rabo.

Na ukun, Kulodowal, waɗansu jarumawa suka sace shi suka ɓoye, kamar yadda aka ɓoye Yowash daga hannun Ataliya. Da ya girma bai nemi gadon ubansa ba, bai kuwa nemi fansa ba. Ya ɗauki almakashi ya aske kansa da hannunsa, ya zama firist. Ya rasu wajen shekara ta 560 a wani ƙauye kusa da Paris, garin kuwa har yau da sunansa ake kiransa, San Kulu.

Baffannin suka raba ƙasar marayu. Kuloter ya ga bayan 'yan'uwansa duka, har a shekara ta 558 ƙasar Faranka gaba ɗaya ta dawo hannunsa. Sai ɗansa Karam ya tayar masa. A shekara ta 560 ya kama shi, ya sa aka kulle shi da matarsa da 'ya'yansa mata a cikin wata bukka, aka shaƙe Karam, aka cinna wa bukkar wuta a kansu. Shekara tana zagayowa zazzaɓi ya kama Kuloter a wurin farauta, ya mutu a 561.

Kulotilda ba ta ga wannan ba. Ita ce ta ɗora gawawwakin jikokinta biyu a kan makara, ta bi su da kuka da zabura har Majami'ar Manzanni. Daga nan ta zauna a Tur kusa da kabarin Martin, tsohon bishof na birnin, tana azumi da tsaron dare, tana rarraba dukiyarta ga matalauta da majami'u. Sau ɗaya kuma aka kawo mata labari cewa Shildeber ya haɗa kai da ɗan Tiyeri, sun kewaye Kuloter a cikin kurmi za su kashe shi. Wannan karo ba ta aika wa kowa saƙo ba. Ta kwana a durƙushe tana roƙon Allah kada 'ya'yanta su yi yaƙi da juna. Da gari ya waye, in ji Giregori, hadiri ya taso da tsawa da ƙanƙara, ya kwashe tantunan masu kai harin, dawakai suka watse, suka aika neman sulhu.

Ta rasu a Tur wajen shekara ta 545, bayan ta yi fiye da shekara 30 tana gwauruwa. Aka ɗauko gawarta zuwa Paris ana rera zabura a hanya, aka kwantar da ita kusa da mijinta, a majami'ar da jikokin nan biyu suke kwance. Shildeber da Kuloter ne suka binne ta.